Allo, Igiya da Salatif: Yadda Wasan Sunobod Ya Fara

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu tafi, can arewacinta inda sanyi ke sa bakin tafki ya daskare. Wasan da za mu yi magana a kai ana ce masa sunobod. Wataƙila kun taɓa cin karo da bidiyonsa a TikTok ko lokacin gasar Olamfik ta hunturu: mutum ya tsaya a karkace kan allo guda, ƙafafunsa biyu a ɗaure a jikin allon, ya sulalo daga kan dutse mai dusar ƙanƙara, ya tashi sama yana juyi kamar an wurga shi da majajjawa. Kafin mu yi nisa ku riƙe bambanci ɗaya, domin duk rigimar da za ku ji daga nan ta samo tushe. Akwai siki, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Shi siki alluna biyu ne sirara, kowace ƙafa da nata, mutum na fuskantar gaba riƙe da sanduna biyu. Wasa ne na masu hali, da ƙungiyoyinsa da duwatsun da aka gyara musamman dominsa. Sunobod kuwa ɗan baya ne, kuma da abin wasan yara ya fara.

Ranar Kirsimeti ta 1965, a garin Muskegon na jihar Michigan, wani injiniya mai suna Sherman Poppen ya rasa yadda zai yi da 'ya'yansa mata biyu. Matarsa Nancy na da tsohon ciki tana neman hutu, yara kuma sun cika gida da hayaniya. Sai ya ɗauko sikin yara guda biyu ya haɗe su gefe da gefe suka zama allo ɗaya, ya fita da yaran kan tudun da ke bayan gida, suka riƙa tsayawa a kai suna sulalowa. Shi kenan fa. Nancy ce ta raɗa wa abin suna Snurfer, ta haɗa kalmar Turanci ta dusar ƙanƙara da ta masu hawan igiyar teku a kan allo. Yaran unguwa suka gani, kowa ya ce shi ma sai an yi masa. A 1966 Poppen ya ba kamfanin Brunswick izinin ƙera shi, kamfanin da aka fi sani da teburan wasa irin na sinuka. Cikin shekaru goma da suka biyo baya an sayar da kusan miliyan guda.

To, yaya wannan allo yake? Tsofaffin 'yan wasan, idan suna tuna allonsu na farko, kusan siffa ɗaya suke bayarwa. Katako ne da tsawonsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, siriri, galibi ruwan ɗorawa da ratsin baƙi, gabansa a ɗage. Babu abin da ke riƙe ƙafa. Inda za ka taka an jera wasu 'yan ƙarafa masu kama da filin sitefula don kada takalmi ya zame. A hancinsa akwai igiya da za ka riƙe kamar linzamin doki, ita ce sitiyari, ita ce kuma ke hana allon gudu ya bar ka idan ka faɗi. Birki? Babu. Faɗuwa ita ce birkin. Kuɗinsa bai wuce dala 15 ba, kuma a shagunan kayan wasan yara da na tarkacen gida ake sayensa. Idan ka sulalo ƙasa, sai ka saɓa allonka ka sake hawa tudun da ƙafa, dusa har gwiwa, don zamiyar da ba za ta kai minti ɗaya ba.

Wani abu a gefe: Poppen ba shi ne ɗan Adam na farko da ya tsaya kan katako a dusar ƙanƙara ba. A ƙauyen Petran da ke tsaunukan lardin Rize a Turkiyya, mutane sun gaji irin wannan zamiya kaka da kakanni, da allo mai faɗi, igiya a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Su dai ba su da kamfani irin Brunswick a bayansu, shi ya sa littattafan tarihi suka fi farawa da Michigan.

Brunswick bai taɓa ɗaukar Snurfer a matsayin wasa na gaske ba. A wurinsu kayan Kirsimeti ne, yaro ya yi shekara biyu da shi ya jefar. Waɗanda suka hango abin da ke ciki su ne yaran da suka ƙi jefarwa. Ɗaya daga cikinsu Jake Burton Carpenter, wanda ya samu nasa yana ɗan shekara 14. Ya gama jami'a a New York, ya samu aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi, irin aikin da iyaye ke yi wa addu'a. A 1977 ya ajiye, ya koma ƙauyen Londonderry a jihar Vermont. Da rana yana fafatawa da katako da zarto, da dare yana aiki a mashaya don ya samu na abinci. Ya gwada samfuri sama da ɗari kafin ya tsaya a kan guda. Lissafinsa shi ne zai riƙa ƙera alluna 50 a kullum. A shekararsa ta farko ta ciniki, 300 kacal ya sayar. Ya sallami ma'aikata, bashi ya yi masa katutu.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai Tom Sims, wanda tun 1963 yana ɗan makaranta a New Jersey ya ƙera nasa allon a ajin koyon kafinta, daga baya ya koma Kalifoniya ya yi suna da allon zamiya mai taya na kan titi. Akwai kuma Dimitrije Milovich, wanda ya kafa Winterstick a jihar Utah, alluna masu wutsiya a tsage kamar ta tsattsewa, da aka yi don dusa mai laushi da zurfi. Sims da Burton sun zama kishiyoyin juna na shekaru, ɗaya a yamma ɗaya a gabas. Burton tsere ya fi so. Sims kuwa salo da tsalle. Shi ne ma a 1983 ya shirya gasa a Soda Springs da aka fara sa abin nan mai kama da ƙaton kwalbati da aka raba biyu, inda ake hawa bango ɗaya a tashi sama a sauko a nufi ɗayan. Masu son tsofaffin finafinai, a fim ɗin James Bond na 1985, A View to a Kill, wanda kuke gani yana sulalowa a kan allo a farkon fim, Sims na cikin waɗanda suka yi wa Roger Moore wannan aikin.

Rigimar farko ma a cikin gida ta tashi. A 1979 Burton ya je gasar Snurfer a Pando, kusa da Grand Rapids, da allonsa mai faɗi wanda ya sa wa maɗaurin ƙafa. Sauran suka ce ba su yarda ba, wannan ai ba Snurfer ba ne. Da ƙyar aka buɗe masa rukuni na daban, ya yi tsere shi kaɗai, ya kuma zo na ɗaya, tunda ba abokin karawa. Abin dariya ne, amma wannan maɗauri da aka yi wa ca shi ne ya raba abin wasa da wasa. Ko sunan ma, Snurfer sunan kasuwanci ne mai rajista, don haka masu ƙera sababbin alluna dole suka nemi wani. Da ba don haka ba, wataƙila yau da sunan da Nancy ta raɗa duniya ke kiran wasan.

Yanzu bari mu zo kan kayan da kansu, don nan ne labarin ya fi daɗi. A farkon shekarun 1980 babu wani abu wai shi takalmin sunobod. Abin da yawancinsu ke sawa shi ne Sorel, takalmin sanyi na Kanada, ƙasansa roba samansa fata, wanda aka yi don mai aiki a waje cikin dusa. Yana da ɗumi amma laƙwas yake, ba ya riƙe idon sawu ko kaɗan. Sai yara suka riƙa zare soson cikin tsofaffin takalman siki suna cusawa a ciki, sannan su naɗe idon sawun da salatif mai kauri har sai ya yi tauri. Maɗauran farko kuwa roba ce da ɗamara, irin ta sikin kan ruwa, ƙafa na fita lokacin da ta ga dama. A ƙarƙashin wasu allunan akwai 'yan ƙarafa kamar ƙayar bayan kifi, da ke taimakawa a dusa mai laushi, amma a kan ƙanƙara mai tauri ba su da amfani. A gasar ƙasa ta farko da aka yi a 1982 a Suicide Six da ke Vermont, teburin kicin aka kife a matsayin ƙofar tashi, wasu kuma da takalman kambas suka yi tseren.

Duk wanda ya taɓa ƙera mota da gwangwanin madara da tsohon silifa ya san irin wannan zuciyar. Bambancin kawai, su akwai ƙofar da suke son shiga, kuma a rufe take.

Ƙofar ita ce duwatsun siki. A can ne ake da kujerun da ke rataye a jikin waya suna kai mutum ƙololuwar dutse ba tare da ya yi gumi ba. Masu wuraren suka ce atafau. Hujjarsu: allon ba ya tsayawa, ba ya juyawa a kan dusar da aka daddaɓe, zai iya kuɓucewa ya sari wani, kamfanonin inshora kuma ba za su ɗauki nauyi ba. Gaskiya a faɗe ta, a lokacin hujjar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma akwai wadda ba a rubutawa a takarda. Masu allon samari ne, da yawa daga cikinsu 'yan zamiyar titi, shigarsu daban, kiɗansu daban, ba su san gaisuwar manya ba. Masu siki na yi musu kallon 'yan tasha. A 1985, kashi 7 cikin ɗari ne kawai na wuraren siki a Amurka ke barinsu su shiga. Wasu sai su hau dutsen da ƙafa da dare bayan an tashi, su sulalo a ɓoye.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka amsa. Kusan duk abin da kuke gani a jikin allon zamani, amsa ce ga wani ƙorafi na mai gadin ƙofa. An ce ba ya kama ƙanƙara, suka zagaye gefensa da bakin ƙarfe irin na siki. An ce ba ya juyawa, suka cire ƙayar kifin, suka rage faɗin tsakiyar allon ya yi ƙugu, yadda da ka karkata shi zai yanki kwana da kansa. Juyawa ta ɓangaren diddige ta gagara, wani mai suna Jeff Grell ya fito da maɗauri mai dogon baya da ke tokare ƙafa ta bayan ƙwauri. Igiyar hanci ta tafi, don an daina buƙatarta. Burton har Ostiriya ya je ya koyi yadda masana'antun siki ke haɗa nasu, a 1985 ya buɗe reshe a Innsbruck. Ban da ƙira kuma akwai zarya, daga wannan dutse zuwa wancan, ana roƙon manajoji su zo su gani da idonsu. Stratton a Vermont ya buɗe ƙofa a 1983, amma da sharaɗi: sai ka ci jarrabawa an ba ka shaidar cewa ka iya juyawa da tsayawa, abin da ba a taɓa tambayar mai siki ba ko da ranar ya fara.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa tausayi ne ya buɗe sauran ƙofofin. Cinikin siki ya tsaya cak a waɗannan shekarun, ga kuma dubban samari a bakin ƙofa da kuɗin tikiti a hannu. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kusan ko'ina an buɗe.

Sai kuma Olamfik. An sa sunobod karon farko a gasar Nagano ta Japan a 1998. 'Yan wasan na da ƙungiyarsu ta duniya da suka gina da kansu, ISF. Kwamitin Olamfik ya tsallake ta, ya miƙa ragamar ga FIS, hukumar siki ta duniya, wato gidan mutanen da suka shekara da shekaru suna korar su. Terje Haakonsen ɗan ƙasar Norway, wanda a lokacin kowa ya yarda ba kamarsa, ya ce shi ba za shi ba, kuma bai je ba. Wanda ya ci zinaren farko, Ross Rebagliati na Kanada, an ƙwace lambarsa saboda an ga alamar wiwi a gwajinsa, bayan 'yan kwanaki aka maido masa don a lokacin ba ta cikin jerin abubuwan da kwamitin ya haramta. Jaridu suka samu abin yi, labarin wanda ya mallaki wasan ya bi ruwa. ISF ta rushe a 2002. FIS kuwa sai a 2022 ta ga damar sa kalmar sunobod a cikin sunanta, bayan su Shaun White da Chloe Kim sun gama jawo mata 'yan kallo. A ganina Haakonsen ya fi kowa fahimtar abin da aka yi a Nagano, ko da yake yaron da ke mafarkin zinare ba zai so jin haka ba.

Har yau ɗin nan akwai wurare uku a Amurka da ba a shiga da allo: Alta da Deer Valley a Utah, da Mad River Glen a Vermont. A 2014 wasu 'yan wasa sun kai Alta kotu, suna cewa dutsen filin gwamnati ne, bai kamata a ware wasu ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a 2016, ta ce kamfani ne ya sa dokar, ba gwamnati ba.

Poppen da kansa sai da ya kai shekara 67 ya fara hawa sunobod na zamani. Shi da Burton shekara ɗaya suka rasu, 2019, shi a watan Yuli, Burton a Nuwamba. Sikin yaran nan biyu da ya haɗe ranar Kirsimeti suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.