Tsadar Abinci a Yamai: Daga Ina Ta Samo Asali?

Duk ɗan Kornaka da ya taɓa zama a Yamai, ko karatu ya kai shi ko cin rani, labarin abinci ne yake fara dawowa da shi. Mu a nan, cin abinci a waje abin matafiyi ne: ranar kasuwa ka sha fura, ka ɗan taɓa tsire, da marece tuwo na jiranka a gida. A Yamai kuwa, baƙon da ba shi da tukunya kullum ranar kasuwa ce gare shi, safe, rana da dare. Ƴan uwana ɗalibai, ina so mu duba yadda aka yi wannan tsada ta samu, don ba jiya ta fara ba.

Har zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin Nijar. A wannan shekara Turawan Faransa suka mai da mulki Yamai, wadda a lokacin ƙaramin gari ce a bakin kogi. Gari ne da ya girma da biro da albashi, ba da gona ba. Ma'aikaci, soja, ɗan dako, duk sayen abinci suke yi, kuma cikinsu ya saba da burodi da shinkafa. To alkamar burodin daga waje take zuwa. Shinkafa ana nomanta a bakin kogi, gwamnatin Seyni Kountché ma ta kafa ONAHA a 1978 don kula da gonakin ban ruwa, amma ba ta taɓa isar ƙasa ba. Sauran daga Asiya jirgin ruwa ya riƙa kawo ta Kwatano, sannan manyan motoci su yi tafiyar kusan kilomita 1000 da ita. Kowane kwanon shinkafa da wake da ka saya, akwai kuɗin jirgi da na gazuwal da na duwan a cikinsa.

Lokacin da yuraniyom na Arlit ya yi kuɗi a shekarun 1970, abin bai dami mai albashi ba. An yi gine-gine, otal ɗin Gaweye ya tashi a bakin kogi. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, albashi kuwa yana nan inda yake.

Shekarar 2005 ita ce ta fi shafarmu. Gwamnatin Mamadou Tandja ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki. A watan Maris dubban mutane suka fito kan titi, aka rufe kasuwanni, aka kama Nouhou Arzika da wasu shugabannin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa. A Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan mafi yawan kayan. A wannan shekarar ce fa yunwa ta biyo bayan fari da farar da suka cinye gonaki a daminar da ta gabata, iyayenmu mata na Dakoro suna bin layin cibiyoyin tamowa da yara a goye. Birni na kukan burodi, ƙauye na kukan gero, kuma wanda aka fi ji shi ne na kusa da fada.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe, buhun shinkafa ya hau. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Da na je ganin yayana da ke jami'ar Abdou Moumouni a Harobanda, na ga yadda wannan tarihi ke zama a aljihun ɗalibi. In resto na aiki, da sauƙi. In an rufe, ko kuɗin tallafin karatu ya yi jinkiri, sai lissafi: mai shayi da safe, da rana a haƙura, da dare a nemi mai dambu. A manyan otal irin waɗanda aka gina don taron Tarayyar Afirka na 2019, kwano guda sai ya ci jikkunan da za su sai tiyoyin gero masu yawa a kasuwarmu. Wallahi ko ƙofar ba mu leƙa ba.

Abin da na lura, abincin da ke rufa wa talaka asiri a Yamai shi ne wanda bai hau jirgi ba: dambu da zogale, kopto, fura, ƙosai. Shi ma yana tashi in damina ta ƙi, amma rufe iyaka ba ya taɓa shi kamar shinkafa. Gero da waken da muke rainawa, muke sayarwa da araha da kaka don biyan bashi, su ne ke riƙe da ɗan uwanmu a can.

Don haka wanda zai tafi baɗi, kada ya ji kunyar ɗaukar garin gero, wake da ƙuli-ƙuli daga gida, ku haɗu ku uku ko huɗu a tukunya ɗaya. Mu da ke nan kuma, mu riƙa tambayar tsofaffi nawa aka sai tiya a 1994 da 2005, mu rubuta, mu kawo wa wannan ɗan littafi.