Asalin Kalmar Ƙadar a Ibranancin Dā

A cikin kalmomin da Ibranancin Tsohon Alkawari yake bayyana duhu da su, akwai wani fi'ili mai suna ƙadar, wanda ya zo sau 17 a dukan littattafan, kuma ya bambanta da hashak, tushen da aka ciro sunan duhun da ya rufe duniya a farkon Littafin Farawa. Ibrananci, kamar Larabci, yana gina kalmominsa ne a kan saiwa, wato baƙaƙe uku masu riƙe da ainihin ma'ana, kuma saiwar wannan fi'ili ita ce ƙ-d-r. Abin da take nufi shi ne dusashewar abin da a dā yake da haske ko yake garau, shi ya sa ba a cika kiran duhun dare na yau da kullum da ita ba.

Masana harsunan Samiyawa, cikinsu har da Brown da Driver da Briggs waɗanda ƙamusunsu ya kammala fitowa a 1906, sun danganta ta da fi'ilin Larabci ƙazira, wato yin dauɗa, ko da yake akwai 'yar matsala a nan, domin zalun na Larabci ya saba zama z a Ibrananci, a Aramiyanci ne yake komawa d. Duk da haka amfanin kalmar yana goyon bayan wannan dangantaka, don a sura ta 6 ta Littafin Ayuba an yi amfani da ita ga rafuffukan da suka gurɓace saboda narkewar ƙanƙara, kamar yadda ruwan gulbi yake yin jawur a farkon damina. Bai kamata mai karatu ya haɗa ta da ƙaddara ba, wadda Hausa ta aro daga wata saiwar Larabci mai nufin iko da auna abu.

Daga gurɓatar ruwa ma'anar ta hau sama. Da ita aka siffanta yadda hadari ya haɗu bayan addu'ar Annabi Iliya a Dutsen Karmel, a zamanin Sarki Ahab cikin ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da fari ya shiga shekara ta uku. Da ita kuma Yowel da Mika da Ezekiyel suka yi maganar dusashewar rana da wata da taurari a ranar hukunci. Amma inda ta fi ratsa zuciya shi ne inda ta sauko kan mutum, domin mai makoki a Isra'ila ta dā yakan sa tsumma, ya zuba toka a kansa, ya bar wanka da shafa mai, har kamanninsa su dushe, saboda haka a Zabura ta 35 da 38 da 42 da 43, da kuma bakin Irmiya, kalmar ta koma nufin zaman makoki kansa. A nan Hausa ta yi dace, domin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito ta hannunsu a 1932, sun tarar da harshen da tun asali yake kiran damuwa baƙin ciki, yana haɗa launi da halin zuciya yadda Ibraniyawa suka yi.

Sunaye biyu ake jinginawa ga wannan saiwa. Kwarin Kidron, wanda ya raba Urushalima da Dutsen Zaitun, kuma Annabi Dawuda ya haye shi sa'ad da yake gudu daga ɗansa Absalom, ana ɗaukar sunansa da ma'anar rafi mai gurɓataccen ruwa. Na biyu shi ne Kedar, ɗan Annabi Isma'ilu na biyu, wanda Larabawa suke kira Ƙaidar, kakan makiyayan da rubuce-rubucen Assuriya suka ambata tun ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Waɗansu sun ce baƙaƙen tantunansu na gashin awaki ne suka jawo sunan, waɗansu kuwa sun fi ganin sunan Larabci ne tun fil azal, daga saiwar nan ta iko, kuma hujjarsu tana da ƙarfi tun da mutanen da kansu Larabawa ne.