Manhajojin Tantance Amsoshin Buɗaɗɗun Tambayoyi

A binciken jin ra'ayin jama'a, buɗaɗɗiyar tambaya ita ce wadda ake barin mutum ya amsa da kalmominsa, ba tare da an jera masa zaɓi ba. Misali, cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, takan tambayi mutanen Najeriya da Nijar manyan matsalolin da suke son gwamnati ta magance.

Idan amsoshi suka kai dubbai, akan nemi taimakon manhaja. Fitattu sun haɗa da NVivo, wadda ta samo asali daga Ostireliya, da ATLAS.ti da MAXQDA na Jamus. Mai bincike yakan karanta amsoshin, ya yi wa kowane jigo laƙabi, kamar "tsadar abinci" ko "rashin tsaro". Manhajar sai ta tattara masu laƙabi ɗaya, ta ƙirga su, ta kwatanta na birni da na karkara.

Sai dai ƙirga kalma daban, fahimtar ma'ana daban. "Wuta" na iya nufin lantarki ko gobara, kuma idan aka gwama su, rahoton zai karkatar da masu tsara kasafi. Shi ya sa akan sa mutum biyu su yi laƙabin daban-daban, sannan a gwada sakamakonsu.