ZARE: Yadda alƙalami ya shiga waya, aka kore shi, ya sake dawowa

1/ Jiya a lakca wani ɗan ajinmu ya ga ina rubutu da alƙalami a gilashin waya, ya ce "malam, wannan kuma wane sabon iyayi ne?" Dariya kawai na yi. Abin ba sabo ba ne, ya girme mu duka. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

2/ Ni da alƙalamin kara da tawada na fara, a makarantar allo, kafin biro. Abin da ban rubuta da hannuna ba, ba ya zama a kaina. Da na shigo jami'a sai na koma danna waya da yatsu. A jarrabawar farko, shafi uku kawai hannuna ya sage, rubutun kamar kaji sun yi tono. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi waya ta hannu mai alƙalami, daga nan na shiga bin tarihinta.

3/ Mu fara daga nesa. Fiye da shekara 5,000 da suka wuce, mutanen Sumer a kudancin Iraƙi ta yau suna danna kara a ɗanyen yumɓu. Romawa kuma allon katako suke shafewa da kakin zuma, su yi rubutu da tsinken ƙarfe ko na ƙashi da suke kira stilus: kai ɗaya mai tsini, ɗayan mai faɗi na gogewa. A rubuta, a goge, a sake. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san wannan. Daga sunan tsinken nan Turawa suka samo sunan alƙalamin waya.

4/ Mu tsallako zamanin na'ura. A 1993 Apple ya fito da Newton MessagePad a kan kusan dala 700, da alkawarin cewa za ta karanta rubutun hannunka ta mayar da shi haruffan bugu. Ta riƙa kwafsawa, ka rubuta wani abu ta fito da wani daban, har shirin The Simpsons ya yi mata ba'a. A 1998 aka rufe babinta. A tsakani, 1994, IBM Simon ta shiga kasuwa a Amurka, waya mai gilashin taɓawa da alƙalami. Kamar 50,000 aka sayar.

5/ Nan ne wajen da ya fi ɗaukar hankalina. Jeff Hawkins ya juya lissafin: tunda na'ura ta kasa koyon rubutun mutum, mutum ya koyi nata. Palm Pilot ta 1996 ta zo da tsarin Graffiti, inda kusan kowane harafi ja ɗaya ne, ba a ɗaga alƙalami. A ɗinka ba shi da sandar tsakiya, kamar V da aka kifa.

6/ Kuma ya yi aiki, mutane suka saya sosai. Amma wallahi ni ba na kiran wannan rubutun hannu. Harafi kan harafi kake yi a ɗan akwati ɗaya a ƙasan gilashi, da kama shi sai ya zama harafin bugu. Hannunka bai bar wata alama da wani zai gani ya ce wannan na wane ne ba.

7/ Gilasan lokacin dannawa suke ji: shimfiɗa biyu ne siraɗa, idan ka matsa suka haɗu, na'ura ta san wajen. Ko da tsinken sakace za ka iya. Alƙalamin sanda ce kawai ta tsokanar ƙananan maɓallai.

8/ Shi ya sa da Steve Jobs ya fito da iPhone ranar 9 ga Janairu 2007, ya yi wa alƙalami ba'a ya ce yatsa ya isa, ban ga laifinsa ba. Abin da ya kora ba alƙalamin marubuci ba ne. Sabon gilashin wutar da ke jikin fata yake ji, tsinken roba ba ya ma aiki a kansa.

9/ Satumba 2011, a baje kolin IFA na Berlin, Samsung ya nuna Galaxy Note mai inci 5.3. Aka yi ta tsokana wai ta yi girma, wa zai kara faranti a kunne. Yau 5.3 ƙaramar waya ce.

10/ Fasahar alƙalaminta ta kamfanin Wacom na Japan ce, masu yi wa masu zane alluna. A bayan gilashi akwai shimfiɗa mai fitar da ƙarfin maganaɗisu. Cikin alƙalamin akwai naɗin siririyar waya da ke karɓar ƙarfin ya mayar da amsa. Don haka rubutu ba ya buƙatar batir, kuma wayar tana bambance bakin alƙalami da tafin hannunka. Ta farko tana gane matakin dannawa 256, zuwa 2016 ya kai 4,096. Ka danna layi ya yi kauri, ka sassauta ya sirance.

11/ A ganina babban canjin shi ne wannan karon ba dole sai na'ura ta karanta ba. Ta ajiye rubutun yadda ya fito. Ga Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙ, ɗ, ɓ, lanƙwasa kawai nake yi in wuce, ba neman kibod. In fara layi da boko, in sako kalmar Larabci, in yi wa kakata saƙo da ajami in tura hotonsa. Ranar da na gwada wata manhaja ta mayar min da rubutuna bugu, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɗaki" ya koma "daki". Na kashe abin. Newton ce ta dawo da sabuwar riga.

12/ Sauran a gurguje: 2015 Apple da kansa ya yi Apple Pencil, amma na iPad. 2016 aka janye Note 7 saboda batir na kama wuta. Note 20 ta 2020 ce ta ƙarshe mai sunan, a 2022 alƙalamin ya samu ramin zama cikin S22 Ultra.

13/ Kar in yi muku ƙarya, gilashi ba takarda ba ne. Santsi gare shi, babu ɗan ƙarar nan ta biro, kuma faɗin bai wuce kalma huɗu ko biyar ba. Idan aka ɗauke wuta kwana biyu a hostal, littafina ma ya mutu. Ga saƙo na faɗowa kana tsakiyar jimla.

14/ Yanzu dai a lakca da waya nake kama abin da malam ya faɗa, da daddare in kwafe shi da biro a littafi. Saura mako uku jarrabawa. Jiya na gwada kaina, na cika shafi bakwai kafin hannun ya fara ciwo.