Daga juyen mai zuwa bidanji: tarihin kula da mota a Karakara da kewayen Gaya

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba yadda sana'ar kula da mota ta shigo kudancin jahar Doso, da irin kalmomi da ma'aunai da ta zo da su. Mun zaɓi Karakara saboda matsayinta. Gari ne na Hausawa a yankin Dallol Mawri, dab da iyakar Nijeriya, wanda ya daɗe cikin gundumar Gaya kafin a maida shi ƙarƙashin Junju a shekarar 2011. Daga Gaya, gada ɗaya ce ke raba mutum da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa. Ke nan makaniken wannan yanki yana aiki da harsunan Turawa biyu, ko da bai zauna aji ba. Ra'ayinmu shi ne, sunayen kayan mota sun ƙetare iyakoki cikin sauƙi, amma lambobin da ke tafiya da su, watau ƙa'idojin kamfani, sun tsaya cikin littafi.

2. Hanyoyi biyu, harsuna biyu

Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila su ne suka shata iyakar da ta raba ƙasar Hausa. Kowace daula ta ja hanyarta zuwa teku. Dogo ya iso Kano a 1911; na Kwatano kuwa bai kai Paraku ba sai 1936, kuma can ya tsaya. Daga Paraku zuwa Nijar sai da babbar mota. Don haka, lokacin da Faransawa suka ƙudurta fitar da gyaɗar Nijar ta Dahome maimakon Kano, cikin shekarun 1950, a shirin da suka kira *Opération Hirondelle*, Gaya ta zama ƙofa. An buɗe gadar Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, OCDN, a 1959, wadda daga baya ta koma OCBN.

Ta wannan hanya ce faransancin gareji ya shigo. Amma kasuwanni da dangantakar aure suna wajen gabas, inda Hausa ta riga ta ari kalmomin mota daga ingilishi. Ga abin da kunne ke ji a tasha:

(1) fetur / isansi (*essence*)
(2) fulogi / buji (*bougie*)
(3) birki / firan (*frein*)
(4) kuloci / ambirayaji (*embrayage*)
(5) lagireto / radiyatar (*radiateur*)
(6) karen mota / aparanti (*apprenti*)
(7) juyen mai / bidanji (*vidange*)

Furucin na biyu yakan ɗan bambanta daga baki zuwa baki, amma dokokin aro ɗaya ne ga rukunan biyu. Hausa ba ta da /v/, sai ta sa /b/, kamar a misali na (7). Ba ta haɗa baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, sai ta cusa wasali tsakaninsu: birki, firan, kuloci. Kalmar da ta ƙare da -a takan zama tamata, kamar mota da taya, kuma ta ɗauki jam'in Hausa: motoci, tayoyi. Misalai na (6) da (7) sun nuna wata dabara: a gabas ba a yi aro ba, an ƙirƙiro daga cikin harshe. Haka ma baƙin mai, wanda aka raɗa wa suna da launin da yake komawa bayan ya yi aiki.

3. Zamanin Fijo

Babu motar da ta koyar da makanikan yankin kamar Fijo. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968, kuma a 1975 aka fara harhaɗa 504 a Kaduna. Shekara uku kafin nan, cikin watan Afrilu na 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma ta dama, kamar maƙwabtanta masu magana da faransanci. Sakamakon haka, mota ɗaya, da sitiyari a gefe ɗaya, ta zama ta kowa daga Yamai har Sakkwato. Kayan gyaran da aka saya a Kamba sun shiga motar da aka sayo a Kwatano. Akori-kura ta 404 da ta 504 su ne suka ɗauki gero da wake da ƴan kasuwa tsakanin ƙauyukan Dallol.

Kula da irin wannan mota ba ta da wuyar lissafi. Injin silinda huɗu ne, mai kama wuta a jere 1-3-4-2, yana cin kusan lita 4 na baƙin mai. Ana juye man bayan kimanin kilomita 5000. Tazarar bakin buji kusan milimita 0,6 ce, ta maƙunnin wutar da faransanci ke kira *vis platinées* kuwa kusan 0,4. Waɗannan lambobi suna rubuce cikin littafin kamfani, da faransanci ko ingilishi. Yaron da aka kai wa maigida don koyon aiki bai taɓa ganin littafin ba. Da yatsa ya koyi kaurin mai, da kunne ya koyi bugun inji, da bugun ƙarfe ya koyi iskar taya.

Bai kamata mu raina wannan ilimi ba, domin a wasu wurare ya fi littafin dacewa da ƙasar. Wanda ya rubuta kilomita 5000 bai yi tunanin ƙurar hunturu bisa jar hanya ba, ko zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Makanike ya gane da kansa cewa matatar iska tana toshewa da wuri, kuma man da ya tsinke ba ya riƙe inji cikin zafi. Shi ya sa mai kauri, SAE 40 ko 20W-50, ya samu karɓuwa. Sai dai inda ake buƙatar lamba, kunne ba ya isa.

4. Matsalar ma'auni

Ingila ta bar wa Nijeriya mil da galan, Faransa ta bar wa Nijar kilomita da lita. Mil ɗaya kilomita 1,6 ne, galan ɗin Ingila kuwa lita 4,5. Ko da Nijeriya ta koma awon mita cikin shekarun 1970, mai faci a can ya ci gaba da auna iskar taya da psi, na nan yana aunawa da bar, wanda ake kira kilo. Bar 2 daidai yake da psi 29. Direba ɗaya zai ce « sa mini biyu » a Gaya, ya ce « sa mini talatin » a Kamba, abu kusan guda yake nufi. In ya rikita, ko ma'aunin ya lalace, taya mai ƙarancin iska da kaya fiye da kima takan yi zafi ta fashe, da mutane a bayan mota. Wannan ya wuce batun nahawu.

5. Daga 1994 zuwa yau

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Sabuwar mota da sabbin kayan gyara daga Turai suka ninka kuɗi. Tsofaffin motoci da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, waɗanda aka fi sani da Beljiyam, suka cika hanyar Paraku zuwa Gaya, da yawansu bisa hanyar shiga Nijeriya. Toyota da sauran motocin Japan suka ture Fijo sannu a hankali. Man Nijeriya mai rangwame, wanda ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, shi ya riƙe su, ko bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011.

Sabbin injuna ba su yafe kuskure kamar tsofaffi. Ba su da kafreto. Kwamfuta ce ke raba mai. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta wajabta kafar da ake jona na'ura don karanta laifin inji. Da yawansu an ƙera su don mai marar kauri, kamar 5W-30, alhali al'adar gareji ta tsaya ga mai kauri. Tsabar ruwan rijiya a lagireto, maimakon ruwan sanyaya inji na musamman, yana barin tsatsa da ɓawo. Robar da ke daidaita bugun inji, *courroie de distribution*, tana da adadin kilomita da ya kamata a canza ta. A injuna da dama, in ta tsinke, bawul da fistan sukan yi karo. Ga shi kuwa agogon kilomita na tsohuwar mota ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba.

Siyasa ma ta shiga gareji. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Ta hana shigo da motoci ta ƙasa daga Janairu 2017. Ta janye rangwamen fetur a watan Mayu na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, an rufe gadar Gaya. Duk lokacin da haka ta faru, kaya sukan yi tsada, mai mota ya jinkirta juyen mai, makanike ya wanke tsohuwar matata ya mayar.

6. Kammalawa

Mun ga cewa Hausar Karakara ba ta rasa suna ga ko ɗaya daga kayan mota ba. Sau da yawa ma biyu gare ta. Abin da babu shi ne rubutu da Hausa da zai haɗa sunan da lambarsa. Aikin da ke gaban sashenmu ke nan: ƙaramin littafi mai jera kalmar gabas da ta yamma kafaɗa da kafaɗa, da jadawalin mil da kilomita, psi da bar, da ma'anar lambobin da ke jikin galan ɗin mai. Makanikan su ne za su ba da kalmomin. Namu rubutawa da daidaita ƙa'ida.