Baƙin Mako Biyu: Yadda Aikin Mishan Ya Koma Gajeriyar Tafiya

Duk wanda ya saba wucewa ta manyan filayen jirgin sama na Amurka tsakanin watan Yuni da na Agusta, da wuya ya rasa cin karo da su. Mutane ne goma sha biyar ko ashirin, galibinsu samari da 'yan mata, sanye da riguna iri ɗaya da sunan majami'arsu a ƙirji, ga wani dattijo a gaba yana riƙe da fasfo ɗinsu duka. Waɗansu Amurka ta Tsakiya za su, waɗansu Ghana ko Kenya. Za su yi mako ɗaya ko biyu suna gina aji, ko shafa wa asibiti fenti, ko raba magani, sa'an nan su koma gida. Masu sauraronmu na Amurka sun sha ganin tashinsu, na Afirka kuwa watakila sun ga saukarsu. To, ina wannan al'ada ta samo asali, kuma wa ya fi cin moriyarta, baƙon ko mai masaukinsa?

Da farko ya kamata mu tuna cewa a da ba haka aikin mishan ya ke ba. A ƙarni na 19, wanda ya bar Turai ko Amurka don wannan aiki, ya kan yi sallama da danginsa irin ta wanda ba ya sa ran dawowa. Cikin watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kutsawa ƙasar Hausa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent kuwa a Bida. Bingham kaɗai ya koma Kanada da rai, shi ne kuma ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da S.I.M. Likita Walter Miller ya tafi Tarabulus takanas don ya koyi Hausa kafin ya shigo a 1900. Ya zauna Zariya tun 1905, ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, ya rasu a Nijeriya a 1952. Ko mutum ya yarda da abin da irin su Miller suka zo da shi ko bai yarda ba, abu guda ba shi da musu: sun daɗe har sun ji harshe, sun san sunayen maƙwabtansu, in sun yi kuskure kuma suna nan sa'ad da sakamakonsa ya bayyana.

Yaƙi da jirgin sama su ne suka buɗe ƙofar gajeriyar tafiya. A 1920, bayan Yaƙin Duniya na Farko, wani injiniya mutumin Suwizalan mai ƙin yaƙi, Pierre Ceresole, ya tara 'yan sa kai kaɗan, har da Jamusawa, ya kai su ƙauyen Esnes kusa da Verdun a Faransa, suka shiga gina wa manoman da yaƙi ya kora ɗakunan katako. Aikin bai wuce 'yan watanni ba, don waɗansu mutanen yankin ba su jure ganin Jamusawa a gonakinsu ba. Amma dabarar ba ta mutu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu majami'u da dama suka riƙa shirya irin waɗannan sansanoni, inda matasa daga ƙasashe dabam dabam kan kwashe makonni suna kwasar ɓaraguzai a Turai. Sa'an nan cikin Oktoba na 1958 jirgin Boeing 707 ya soma jigilar fasinja tsakanin New York da Paris. Tafiyar da a ke kwana da kwanaki a jirgin ruwa ta koma ta sa'o'i, hutun makaranta ma ya isa mutum ya je wata nahiya ya dawo.

A wannan shekara ta 1958 ne wani fasto baƙar fata ya kawo dabarar Afirka. Sunansa James Robinson, an haife shi a jihar Tennessee a 1907, ya yi karatu a Jami'ar Lincoln, inda Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah su ma suka yi. Majami'arsa tana Harlem, unguwar baƙaƙen fata ta New York. Bayan ya zaga ƙasashen Afirka a 1954 ya dawo da tabbacin cewa mulkin mallaka ya kusa ƙarewa, kuma tsohon salon mishan, inda Bature ke bisa kujera ɗan ƙasa na tsugune, zai bi shi. Sai ya kafa ƙungiyar Operation Crossroads Africa, watau aikin mararrabar Afirka, ya kwaso ɗalibai farare da baƙaƙe ya kawo su Afirka ta Yamma, har da Ghana da Nijeriya, a lokacin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a kudancin ƙasarsu.

Ko da ya ke Robinson limamin Kirista ne, ƙungiyarsa ba ta wa'azi ba ce, kuma ya gindaya mata sharuɗɗa. Mutanen gari ne za su zaɓi aikin da su ke bukata, makaranta ce ko ɗakin shan magani. Baƙin za su ɗauki bulo kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban ƙasar, su ci abin da a ke ci. Za su yi wajen wata biyu, in sun koma gida kuma wajibi ne su riƙa zagawa suna ba da labarin abin da suka gani. Robinson bai ɓoye ba cewa ɗalibansa koyo suka zo yi, ginin kuwa hanyar sanin juna ce. Shugaba John Kennedy ya yaba wa ƙungiyar a kan ita ce ta share wa Peace Corps hanya, watau hukumar 'yan sa kai ta gwamnatin Amurka da ya kafa a 1961, wadda tawagarta ta farko ta sauka Ghana cikin Agusta na wannan shekara.

A gefe guda kuma masu wa'azin bishara sun gano amfanin hutun makaranta. A 1957 wani ɗalibi, George Verwer, ya cika tsohuwar mota da littattafan addini shi da abokansa biyu suka nufi Mexico, daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta tsiro. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission don aika matasa waje na ɗan lokaci ba tare da sun yi shekaru a makarantar tauhidi ba. Sannu a hankali kowace majami'a mai hali ta soma shirya tata tawaga ba tare da ta bi ta hannun tsofaffin ƙungiyoyin mishan ba, watanni suka koma makonni, makonni suka koma kwanaki. Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton ya ƙiyasta cewa wajen shekarar 2005 Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan tafiya kowace shekara.

Tun da wuri an sami masu suka daga cikin gida. A 1968 Ivan Illich, wani limamin Katolika mazaunin Mexico, ya tsaya gaban ɗaliban da ke shirin zuwa ƙauyukan ƙasar aikin taimako, ya shawarce su su zo yawon buɗe ido ko neman ilmi, amma su bar batun taimako, tun da ya ke ba su jin harshen waɗanda za su taimaka, balle su ji in an ce musu ba a so. Magana ce mai zafi, sai dai ra'ayi ne kawai. Sai bayan shekara talatin wata masifa ta ba da damar a auna lamarin da lissafi.

A ƙarshen Oktoba na 1998 mahaukaciyar guguwar nan mai suna Mitch ta faɗa wa Amurka ta Tsakiya da ruwa kamar da bakin ƙwarya. A Honduras kaɗai fiye da mutum 5,000 suka mutu, kogin Choluteca ya cinye unguwanni a Tegucigalpa babban birnin ƙasar, har shugaban ƙasar ya ce an mai da su baya da shekara 50. Ƙungiyar agaji ta ikilisiyar Christian Reformed ta Amurka da Kanada ta tara kuɗi, ta miƙa wa ƙungiyoyin Kirista na Honduras, aka gina gidaje sama da 1,000. Mafi yawansu 'yan ƙasa suka gina, amma tawagogi 31 na majami'u, galibinsu daga Kanada, sun zo sun sa hannu a waɗansu. Ke nan ga gidaje iri ɗaya, a ƙasa ɗaya, bayan masifa ɗaya, waɗansu da hannun baƙi waɗansu babu.

Wani malamin nazarin zaman jama'a na Kwalejin Calvin, Kurt Ver Beek, wanda ya daɗe da zama a Honduras, kuma shi kansa ɗan wannan ikilisiya ne, ya bi sawun aikin. Ya yi wa mutum 162 daga cikin waɗanda suka yi tafiyar tambayoyi, ya kuma zauna da iyalai fiye da 30 da aka gina wa gidaje, ya buga sakamakon a 2006. Gidan da 'yan ƙasa suka gina ya ci kimanin dala 2,000. Tawagar baƙi kuwa, in an haɗa kuɗin jirgi da masauki da abinci, ta kashe kimanin dala 30,000 kafin ta gina gida guda. Watau kuɗin zuwan tawaga ɗaya ya isa a rufa wa iyali 15 asiri. Da ya gwada halin iyalan kuma, bai ga wani bambanci mai ɗorewa tsakanin waɗanda baƙi suka gina wa da waɗanda 'yan uwansu suka gina wa ba.

Masu shirya tafiye-tafiyen sun saba amsa irin wannan suka da cewa gani ya kori ji: wanda ya ga talauci da idonsa zai koma gida da sabuwar zuciya, ya riƙa ba da sadaka har ƙarshen ransa, a haka kuɗin jirgi zai biya kansa. Matafiyan ma haka suka shaida wa Ver Beek, cewa rayuwarsu ta sake, hannunsu ya ƙara buɗewa. Amma da ya duba littattafan da a ke rubuta gudunmawa, bai tarar da wani ƙari na a zo a gani ba. Ba ƙarya suka yi ba, haka suka ji a ransu. Ya kwatanta su da ɗanyen icce da aka tanƙwara na mako guda, da an sake shi sai ya miƙe yadda ya ke.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne maganar iyalan. Sun yi murna da zuwan baƙin, sun kuma ɗauke shi a kan girmamawa cewa wani ya taso daga nesa saboda su. Ƙorafin da aka ji shi ne ƙarancin cuɗanya: baƙi sun fi mai da hankali ga siminti da ƙusa, bayan sun tafi kuma da wuya a sami ko wasiƙa. Ashe abin da ɗan gari ba zai iya yi wa kansa ba, watau zumunci da mutumin wata ƙasa, shi aka yi wa riƙon sakainar kashi, abin da magina na gari suka fi kowa iyawa kuma shi aka ƙetaro teku a yi.

Inda baƙo ya ƙi tambayar 'yan gari gaba ɗaya, abin ya kan wuce asarar kuɗi. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairu 2010 an kama Amurkawa 10 'yan ɗarikar Baftis, galibinsu daga jihar Idaho, a bakin iyaka da yara 33 da su ke niyyar kai wa gidan marayu a Jamhuriyar Dominika ba tare da takardun izini ba. Da aka bincika sai aka tarar yawancin yaran iyayensu na raye. Shekara guda kafin wannan, Steve Corbett da Brian Fikkert, su ma Kiristoci, sun buga littafin When Helping Hurts a kan yadda taimako kan zama cuta, majami'u da yawa kuma sun sake duba tsarinsu saboda shi. Waɗansu sun rage yawan masu tafiya sun ƙara kuɗin da su ke aikawa, waɗansu sun ɗaure wa gari guda suna komawa shekara da shekaru.

In an lura, gyaran da a ke ta nema bai wuce sharuɗɗan da Robinson ya gindaya tun 1958 ba, kafin rasuwarsa a 1972. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, don haka shi ya kamata ya faɗi aikin, a kuma ɗauki maginin garinsu a biya shi. Baƙon mako biyu ba zai ji harshe kamar Likita Miller ba, ba kuma zai kasance nan ran da rufin ya soma zuba ba. Abin da ya ke iyawa shi ne ya zauna ya ci tuwon gidan, ya riƙe sunayen yaran, ya rubuto wasiƙa, baɗi kuma ya dawo. Majami'ar da ke shirin kashe dala 30,000 a kan tawaga, ya kamata ta fara gaya wa masu masaukin adadin kuɗin, ta tambaye su yadda su ke so a kashe shi, ta kuma shirya karɓar amsar ko da ba ta yi mata daɗi ba.