Ƙungiyoyin Wasanni na Jami'o'in Amurka: Tarihin Shiga da Fita

A yawancin ƙasashe wasa a jami'a abin yamma ne, bayan an tashi daga lacca. A Amurka kuwa al'amarin ya wuce nan. Filin ƙwallo na Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, kuma cika yake yi a ranakun Asabar na lokacin kaka. Ƙwallon da ake bugawa shi ne irin nasu mai siffar ƙwai, wanda ake runguma a ruga da shi ana kokawa. Jami'o'in ba a warwatse suke karawa ba. Kusan kowace tana cikin wata ƙungiya wadda ke tsara mata abokan gasa, ta kafa dokoki, ta kuma raba kuɗin da aka samu.

A shekarar 1869 aka yi karawar farko tsakanin jami'o'i biyu, watau Rutgers da Princeton. Cikin 'yan shekaru wasan ya bazu, kuma da yake ɗalibai da tsofaffin ɗalibai ne ke tafiyar da shi, sai maguɗi ya yi yawa: akan ɗauko ƙato wanda bai taɓa zama a aji ba, a sa masa rigar makaranta. Wannan ne ya sa shugaban Jami'ar Purdue, James Smart, ya tara takwarorinsa a birnin Shikago cikin watan Janairu na 1895. A shekara mai bi aka kafa ƙungiya mai jami'o'i bakwai: Shikago, Illinois, Mishigan, Minnesota, Northwestern, Purdue da Wisconsin. Babbar dokarsu ita ce kada wanda ya buga wasa sai cikakken ɗalibi wanda bai gaza a karatunsa ba, kuma a hannun malamai aka danƙa ragamar ƙungiyar. Dukkansu maƙwabta ne, jirgin ƙasa na haɗa su. Indiana da Iowa suka shigo a 1899, Ohio State a 1912, sa'an nan Mishigan, wadda ta yi fushi ta fita a 1908, ta komo a 1917. Suka cika goma, aka riƙa kiransu Big Ten, watau manya goma.

Abin lura a wancan zamani shi ne girma ba abin nema ba ne. A Kudu, wata ƙungiya ta kai jami'o'i 23, aka ga ta yi faɗin da ba a iya tafiyar da ita, sai 13 daga ciki suka ɓalle a 1932 suka kafa wadda ake kira SEC. Jami'ar Shikago kuma, wadda a garinta aka haifi Big Ten, ta soke wasan ƙwallo ɗungum a 1939, domin shugabanta Robert Hutchins yana ganin ba shi da haɗi da neman ilmi. Ta bar ƙungiyar a 1946, aka karɓi Michigan State a madadinta a 1949. Daga nan sai da aka shekara arba'in ba a ƙara kowa ba.

Abin da ya rushe wannan zaman hukuncin kotu ne. Tun farkon shekarun 1950 hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ita kaɗai ke sayar wa gidajen talabijin izinin nuna ƙwallo, tana kuma ƙayyade sau nawa za a nuna kowace makaranta, don kada manya su cinye kasuwa. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, cewa an hana su cinikin hajarsu. A 1984 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, alƙalai 7 suka rinjayi 2. Ɗaya daga cikin biyun, Byron White, shahararren ɗan ƙwallo ne a zamanin ɗalibcinsa, kuma ya yi kashedi cewa ana ɗaukar wasan makaranta tamkar kasuwanci zalla. Ba a ji shi ba. Sannu a hankali ƙungiyoyi suka koma kowace tana cinikin kanta, darajarta kuwa ta zama yawan gidajen da za su kunna talabijin su kalle ta.

Big Ten ta karɓi Penn State a 1990, suka zama 11, amma ba ta sake suna ba, don sunan kansa ya riga ya zama haja. SEC ta ɗauko Arkansas da South Carolina ta cika 12, adadin da doka ta gindaya kafin a yi wasan ƙarshe na fid da gwani, ta fara shi a 1992. Fitar Arkansas ta kashe tsohuwar ƙungiyarta ta Kudu maso Yamma, wadda aka kafa a 1914, domin duk takwas ɗin da suka rage a jihar Teksas suke, masu kallonsu ba su wuce jiha guda ba. A 1996 ta watse. Huɗu suka sami shiga sabuwar ƙungiya mai suna Big 12, aka bar huɗu a waje. Cikin waɗanda aka bari har da Jami'ar Houston, inda Hakeem Olajuwon ɗan Legas ya yi ƙwallon kwando ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da 1984. Wannan bajinta ba ta cece ta ba, don kuɗin yana wajen ɗaya ƙwallon. Sai a 2023 Big 12 ta buɗe mata ƙofa.

A 2007 Big Ten ta kafa tashar talabijin tata tare da kamfanin Fox. Tsarin biyan kuɗi shi ne gidajen da ke yankin da ƙungiyar ke da jami'a sun fi biya. Wannan ne ya bayyana abin da ya ɗaure wa masu sha'awar wasa kai a 2014, da aka karɓi Rutgers da Maryland, waɗanda ba su yi fice a ƙwallo ba: ɗaya tana kusa da New York, ɗaya tana gefen Washington. Gidaje aka saya, ba gwanaye ba. Nebraska, wadda ta shigo a 2011, ita ce aka ɗauka don suna da tarihi.

Girgiza mafi girma ta zo ne daga 2021, da Teksas da Oklahoma suka ba da sanarwar komawa SEC. A 2022 USC da UCLA, manyan jami'o'in Los Angeles, suka ce za su shiga Big Ten, kuma cikin wannan shekara ƙungiyar ta ƙulla cinikin shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan dala biliyan 7 da ɗoriya. Oregon da Washington suka bi sahu a 2023. Ƙungiyar gaɓar tekun Fasifik, Pac-12, wadda tushenta ya kai 1915, ta wayi gari a 2024 da jami'o'i biyu kacal daga cikin 12, Oregon State da Washington State. Manya goma suka zama 18. Tsakanin Los Angeles da Rutgers akwai kusan kilomita 4,000, kuma ba 'yan ƙwallo kaɗai ke wannan tafiya ba, har da 'yan matan ƙwallon raga da ke wasa a tsakiyar mako, suna da lacca washegari. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, da ke bakin Fasifik, suka fake a ACC, ƙungiyar da sunanta ke nufin gaɓar tekun Atilantika. SMU kuwa, don dai a karɓe ta can, ta yarda ta yafe rabonta na kuɗin talabijin har shekara tara.

To, su wa za su shiga nan gaba? Notre Dame ce amaryar da kowa ke nema. Tana da cinikinta da NBC tun 1991, ta ƙi tayin Big Ten a 1999, kuma ba ta da dalilin sallama 'yancinta muddin kuɗi na shigowa. Sai Florida State da Clemson, waɗanda suka kai ACC kotu a 2023 da 2024 suna neman hanyar fita, domin sun riga sun miƙa mata haƙƙin nuna wasanninsu har zuwa 2036. Akwai kuma North Carolina da Virginia, waɗanda ake yawan ambata saboda jihohinsu ba su da wakili a Big Ten ko SEC, ga su kuma cikin ƙungiyar manyan jami'o'in bincike, AAU. Big Ten ta saba duba wannan kafin ta karɓi makaranta, kuma kusan shi ne abin da ya saura na gadon malaman 1896. Ko da yake Nebraska ta rasa kujerarta a AAU a shekarar da ta shigo, ba a kore ta ba.

Matsin neman kuɗi ya ƙaru a 2025, da kotu ta amince jami'a ta riƙa biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. A wannan shekara ce ACC ta sasanta da masu ƙararta biyu, aka tsara kuɗin fita ya riƙa raguwa har ya sauko dala miliyan 75 wajen 2030. Cinikin talabijin na Big Ten shi ma a 2030 zai ƙare.